In haɗa karatun lauya da na walwalar jama'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin karatun shari'a haɗe da manufofin walwalar jama'a, shekara uku. Baba ya ce in dai ba hular lauya zan sa ba, asarar kuɗi ce. Ni kuwa harkar fansho da lafiya ce ta kwanta min a rai. In karɓa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki yi saurin ture maganar Baba.

A Najeriya digiri kaɗai ba ya kai mutum gaban alƙali. Sai ya bi ta Makarantar Horon Lauyoyi, mai hedikwata a Bwari da reshe a Bagauda, kuma wanda ya yi karatu a waje sai ya fara da zangon share fage na dokokinmu kafin ya haɗu da 'yan gida. To, digirin haɗaka rabon tuwo ne a kwano ɗaya: duk darasin walwala da kika ɗauka, wani na doka ne ya matsa masa. Kafin ki biya ko fam ɗaya, karɓi jerin darussan shekara ukun, ki sa yatsa ki bi layi-layi. Akwai kwangila? Laifuka, filaye, amana, tsarin mulki, diyyar ɓarna fa? Ki tura wa Majalisar Ilimin Shari'a ta Najeriya, wadda ke kula da Makarantar Horon Lauyoyi, ki nemi amsa a rubuce. Bakin ejan mai nema wa ɗalibai gurbin karatu ba abin dogaro ba ne, kamashonsa yake hange.

Darussan walwalar kuma na Birtaniya za a fi koya miki: rahoton Beveridge na 1942 da ya kafa tubalin tsarin walwalarsu, hukumar lafiya ta NHS da aka buɗe a 1948, gidajen haya masu rahusa na ƙananan hukumomi. Ilimi ne mai kyau, amma ke za ki ɗora shi a kan namu da kanki: dokar fansho ta 2014, da ta inshorar lafiya ta 2022 wadda ta wajabta rajista. Muna da ƙarancin masu iya karanta sashen doka, su kuma faɗi dalilin da bai isa ga mai tuyar ƙosai ba. A nan ina bayanki.

In amsar Majalisa ta zo da inda-inda, ga harabar Kongo ta ABU, inda tsangayar shari'a take, nan a ƙofar gidanku. Ki yi shekara biyar ɗinki a ABU, ki bi ta Makarantar Horon Lauyoyi, ki sa hular Baba ya gani, sannan ki tafi Ingila digiri na biyu a fannin walwala. Shekara ɗaya ce, kuɗin shekara ɗaya kuma za a biya, ba na uku ba.