Amsa ga mai tambaya kan na'urar auna gas a tankin tirela

Alhaji, ka ce tirelolinka uku na zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, gas na ƙarewa fiye da ƙima, kana tambaya ko tiraka, wato na'urar bibiyar mota, za ta kama ɓarawo. Tiraka kaɗai wurin da mota take za ta nuna maka. Gejin da ya zo da motar ma kada ka dogara da shi, ƙiyasi kawai yake yi.

Abin da kake buƙata shi ne sandar auna mai da ake zurawa cikin tanki, irin ta Omnicomm, Escort ko Technoton. Ana huda saman tankin a tsakiya, domin nan ne mai bai cika tangal-tangal ba a kan gargada. A yanke sandar ta rage kamar santimita 2 kafin ƙasa, saboda ruwa da laka da ke kwanciya a can. Daga nan a haɗa ta da tiraka mai layin waya. Tanki biyu, sanda biyu.

Inda masu sakawa suka fi yin ha'inci shi ne gwajin tanki, wato daidaita awon sandar da litocin da tankin ke ɗauka. Dole a juye shi tas, a riƙa zuba lita 20, a jira mai ya natsu, a rubuta lambar da na'ura ta nuna, har ya cika. Tankin lita 400 zubi 20 ke nan, kuma a fili mai lebur. Wanda ya kwafo lissafin wata mota ya ɗora maka ya cuce ka, don tankin da ya taɓa lotsewa ba ya ɗaukar abin da sabo ke ɗauka. Ka tsaya a yi a gabanka.

In an yi shi daidai, za ka ga zuƙa da tiyo nan take, ka kuma gane rasit ɗin lita 300 alhali 260 suka shiga. A saita ƙararrawa ta sanar da kai in mai ya ragu da lita 10 ko fiye idan mota na tsaye. Ƙasa da haka za ka zargi direba a banza: gas na kumbura da zafi, saukar zafi da digiri 10 da dare kan rage kusan lita 3 a cikin 400. Gas mai ruwa ko gaurayen kananzir shi ma yana rikita awo.

Satar da ta fi wuyar kamawa ita ce ta bututun da ke mayar da rarar mai tanki. Ana karkatar da shi cikin jarka mota na tafiya, sai ya zama kamar inji ne ke sha. Maganinta ka riƙa kwatanta litar da kowace mota ke ci a kilomita 100, hanya ɗaya, lodi ɗaya, sannan bakanike ya sa hatimi a mahaɗar bututun.

Inda babu sabis, tiraka na ajiye bayani ta turo daga baya. Ka zaɓi mai batirin ciki da ke sanar da kai an cire wuta. Tankin fetur kuwa kada a kusance shi da injin huda, akwai na'urar da ake mannawa a ƙasansa daga waje.