Tambaya da Amsa: Yarona ya nace sai na sai masa tabarau na VR

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni mazauniyar Makka ce wajen Shari Mansur, yarona ɗan shekara 12 ya ishe ni wai sai na sai masa tabarau ɗin nan na VR, wanda in mutum ya sa sai ya ga kamar yana cikin wurin da ake nuna masa, don ya koyi tarihi, shin da gaske abin yana koyarwa ko dai wasa ne kawai zan zubar da riyal ɗina? Maman yara, Makka.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya. Kafin ki zare ko riyal ɗaya, ki fara gwada shi da na waya, wanda ake ce wa AR, shi wannan ta kamarar wayarki zai nuna tsohon gini ko wani abin tarihi kamar yana tsakiyar falo, yaro yana zagayawa yana kallo, ba sai an rufe masa ido ruf ba kamar VR, wanda wasu ma jiri yake sa su in sun jima. Kuma tabarau ɗin VR na Meta Quest da yara ke rububi, ɗan ƙasa da 13 sai iyaye sun buɗe masa asusu suna sa ido.

Ni abin da na fi dubawa a kowace manhaja shi ne, tana raba abin da aka tarar da abin da aka ƙiyasta? Ɗauki Mada'in Salih a Al-Ula, wurin farko a Saudiyya da UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2008. Kaburburan Nabatiyawa, mutanen da suka zauna wurin a zamanin da, sama da 100 suna nan a sassaƙe jikin dutse, wannan ba gardama. Amma fuskar wata mata daga cikinsu da ake kira Hinat, wadda aka nuna a 2023, daga ƙoƙon kanta aka gina ta, launin fata da yanayin gashi hasashen masana ne, to in manhaja ta nuna wa yaro irin wannan tsaf-tsaf ba ta ce masa hasashe ba ne, shi fa gani yake hoto aka ɗauka.

Sai kuma in ya cire tabarau ki tambaye shi, su waye suka gina, yaushe? In amsar ba ta wuce "wallahi Umma ya yi kyau" ba, to kallo ya sha.

Kuma Hajiya ke da kike Makka! Ga unguwar al'adu ta Hira can gindin Jabalun Nur, akwai baje kolin tarihin saukar wahayi, kuɗin tasi ne kawai da na shiga. Ki fara kai shi can ranar Asabar, in ya dawo yana ta zuba miki tambayoyi sai a yi maganar tabarau.