Takunkumi ko dabaibayi?

Wata ma'aikaciyar jinya ta aiko da tambaya biyu. Ruwan da ake yi wa majinyaci allurarsa kafin ɗaukar hoton cikin jiki na MRI, su kan ce masa rini, shin daidai ne? Sannan ƙananan ƙwayoyin da masana ke ƙerawa don su riƙe ƙarfen da ke cikin ruwan, me za a kira wannan riƙo?

Malama, rini aikin marina ne, ya shiga zare ya zauna. Wannan ruwa kuwa ba ya rina komai a jiki, haska hoton kawai yake yi, ƙoda ta fitar da shi da fitsari. Da za ku ce "ruwan haska hoto" da ya fi, don mai jin "rini" yakan tsorata.

Tambaya ta biyu ta fi jan hankalina. Ƙarfen da aka fi sakawa a ruwan shi ne gadoliniyam, wanda aka fara amfani da shi a asibiti a 1988. In ya shiga jiki shi kaɗai guba ne. A 2006 aka gano yana haddasa wa wasu masu ciwon ƙoda mai tsanani cutar da ke ƙandarar da fata, a 2017 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da wasu nau'o'insa masu sakin ƙarfen da sauƙi. Kalmar da masana ke kiran riƙon, "chelation", ta samo asali ne daga Girkanci, ma'anarta hannun ƙaguwa.

Wasu za su ce dabaibayi. Ban yarda ba. Dabaibayi hana tafiya yake yi, alhali ana son ƙarfen nan ya bi jini ya kai inda ake duba. Takunkumi shi ne kalmar: gardi yakan zaga kasuwa da kurarsa kowa ya gan ta, amma bakinta a ɗaure. Haka ake so da gadoliniyam, ya yi aiki bai ciji ba.

Ƙwayoyin kuwa kada a ce musu zarra, malaman kimiyya sun riga sun ba atom wannan suna. Masana kan ce musu "nano", wanda a Girkanci wada ne, nanomita kuma kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ƙaramin goro ya fi babban dutse, in ji Hausawa. Wasu ƙwayoyin na baƙin ƙarfe ne, wanda jiki ya saba da shi. Wani magani na irinsu, ferumoxytol, da Amurka ta amince da shi a 2009 don ƙarancin jinin masu ciwon ƙoda, yanzu likitoci kan haska hoto da shi ga wanda gadoliniyam ke da haɗari a gare shi.