Daga Milan zuwa garin Getzner da kuɗin sari a jaka

Wata Hajiya mai shagon shadda da leshi a Kasuwar Sheikh Gumi ce ta rubuto. Ta samu bizar Shengen, wadda ake zagaya yawancin ƙasashen Turai da ita, za ta sauka a Milan ta ƙasar Italiya ta sari takalma, daga nan ta hau jirgin ƙasa zuwa Bludenz ta ƙasar Ostiriya, garin da masaƙar Getzner take, da Yuro 14,000 a hannu. Ta ce: “Malam, an ce mini babu iyaka tsakanin ƙasashen Turai. Ke nan in yanki tikiti mafi araha in kama hanya?”

Hajiya, wanda ya faɗa miki haka rabin zancen ya faɗa. Bizarki ta buɗe miki hanya ke kanki, amma kuɗinki da kayanki dokarsu daban.

Hanya mafi kusa ita ce ta Zurich ta ƙasar Suwizalan: awa uku da 'yan mintoci daga tashar Milano Centrale, ta ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57, sai ki sauya zuwa jirgin Railjet da zai bi ta Buchs da Feldkirch ya ajiye ki Bludenz. To, Suwizalan tana cikin Shengen, amma ba ta cikin Tarayyar Turai. Wato a yini guda kin fita daga Tarayyar a Chiasso, bakin iyakar Italiya da Suwizalan, kin sake shiga a Feldkirch ta Ostiriya. Dokar kuwa ta ce duk mai ɗauke da Yuro 10,000 ko fiye, in zai shiga ko zai fita, dole ya bayyana wa kwastam a rubuce. Jirgin ba zai tsaya jiranki ki cike fom ba, kuma jami'ai kan shigo tarago su yi tambaya. In aka samu kuɗin babu takarda, ana iya riƙe su, a ci ki tara. Ga kuɗin halal ɗinki, ga ki kina rantse-rantse a harshen da ba ki ji.

Da ni ne, kuɗin ba za su hau jirgi ba. Ki tura mafi yawansu ta banki bisa takardar farashin da mai kaya ya aiko miki, ki riƙe na guzuri. In kuwa sai kin riƙe, ki bayyana wa Kwastam tun a filin jirgin Abuja, tunda kin haura Dala 10,000, ki sake bayyanawa a Milan, ki adana rasidin canji. Sannan ki bi ta Verona da Brenner zuwa Innsbruck, ki gangaro Bludenz. Ta fi nisa, amma ba ki fita daga Tarayyar ba. Takalman ma ki ba kamfanin kago tun daga Italiya, kada ki ja buhunan haja cikin Suwizalan.

Fasfo kuma ya zauna a jikinki, ba a ƙasan akwati ba. 'Yan sanda kan duba takardu a cikin jirgi a Brenner, iyakar Italiya da Ostiriya, ko da babu shinge.

Sai batun araha. Ba jirgin Rigasa zuwa Idu ba ne, da za ki zauna sai kin isa. Nan sauyi biyu ko uku ne. Tikiti mai rahusa yawanci na jirgi ɗaya ne a lokaci ɗaya. In kin yanki kowane zango daban, na farko ya makara, na biyu ya tashi, kuɗinki sun bi ruwa. Ki sayi tafiyar duka a tikiti guda. Da shi, in latti ya sa kin rasa jirgi, za a sa ki a na gaba kyauta, kuma dokar Tarayyar ta ba ki kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikitin in lattin ya kai awa ɗaya, rabi in ya kai awa biyu. Manhajar sayen tikiti za ta nuna miki sauyin minti 8. Wannan na ɗan gari ne mai jakar goyo. Ke da akwati, ga neman dandamali, ga salla, ki bar wa kanki minti 40.

Kada ki yanki komai sai masu kayan sun tsayar miki da rana a rubuce, kuma ki isa garin da kwana ɗaya a gaba.