Shin in bar 'yata ta tafi sansanin matasa a dogon hutu?

Tambaya: Malam, ni uwa ce daga Kafanchan. 'Yata mai shekara 14 ta shiga zumuntar ɗalibai Kirista ta makarantarsu, yanzu kuma ta kawo mini takarda cewa za a yi sansanin matasa na mako ɗaya a watan Agusta, a wata makarantar kwana da ke wani gari. Mahaifinta ya ce ɓarnar kuɗi ce, tunda ba ta fashin sujada ranar Lahadi. Ni kuwa tsoro nake ji, domin ba ta taɓa kwana a wani wuri ba tare da mu ba. Mene ne asalin wannan abu, wane amfani yake da shi, kuma ta yaya zan gane wanda ya dace?

Amsa: Mama, na gode da wannan tambaya. Shawarata ita ce ki bar ta ta tafi, amma sai bayan kin san mutanen da za su riƙe ta, domin a ganina darajar sansani tana wurin babban da zai kwana a ɗaki ɗaya da yaran, ya ci abinci tare da su, ya kuma ci gaba da bibiyarsu bayan an watse. Sunan mai wa'azin da aka buga da manyan baƙaƙe a kan takardar gayyata shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ki duba.

Al'adar kai yara sansani ta taso ne a Turai da Amurka a ƙarni na 19, lokacin da birane suka cika da masana'antu da hayaƙi, yara kuma suka rasa wurin sakewa a hutun makaranta. A 1876 wani fasto a birnin Zurich na ƙasar Siwizalan, Hermann Walter Bion, ya kwashi 'ya'yan talakawa ya kai su yankin duwatsun Appenzell domin su sha iska su murmure. A Amurka, Sumner Dudley ya fara sansanin yara maza na ƙungiyar samari Kirista ta YMCA a 1885, wanda har yau yana nan da sunansa a jihar New York. A Birtaniya kuwa, William Alexander Smith, wani malamin makarantar Lahadi a Glasgow da yaran ajinsa suka gagare shi, ya kafa Boys' Brigade a 1883, ya kuma kai yaran sansaninsu na farko a 1886. Kafin wannan, a 1867, Josiah Spiers ya fara yi wa yara taron bishara na musamman a Landan, aikin da ya haifar da Scripture Union, ƙungiyar koya wa yara da matasa karatun Littafi Mai Tsarki. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne sun lura cewa yaro yana koyo da idonsa da ƙafarsa fiye da yadda yake koyo da kunnensa, kuma awa ɗaya ko biyu a ranar Lahadi ba ta isa a san halinsa ba.

A arewacin Nijeriya aikin ya bi ta makarantun kwana. A 1957 aka kafa Fellowship of Christian Students, wadda kowa ya sani da FCS, a Gindiri ta jihar Filato ta yanzu, inda mishan ta Sudan United Mission (SUM) take da makarantunta, daga nan ta bazu cikin sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa, yayin da Scripture Union ta fi ƙarfi a Kudu. A manyan makarantu akwai zumuntar ɗalibai Kirista ta NIFES, wadda aka kafa a 1968, ɗaliban Katolika kuma suna da nasu ƙungiyoyin. Ban da waɗannan, ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Baptis da Angilika kowace tana da zumuntar matasa da birged na maza da na mata, kuma yawancinsu suna shirya taron kwana da kwanaki a lokacin hutu. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san irin wannan tsari, domin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ta daɗe tana shirya taron horarwa na lokacin hutu, saboda haka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Na kawo wannan tarihi ne domin ki ga cewa a wurinmu sansanin reshe ne na aikin da ake yi duk shekara a cikin makaranta, ba shagali ne da ke tsaye shi kaɗai ba. Tambayar farko ke nan da za ki yi: wace ƙungiya ce ta shirya shi, kuma wane malami ne a makarantar 'yarki yake kula da zumuntar?

Yinin sansani yakan fara da asuba da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki na kowa shi kaɗai, sai shara da wanka da karin kumallo. Da hantsi a yi koyarwa ga kowa da kowa, daga nan a rarraba yaran ƙungiya-ƙungiya, kowace da jagoranta, su zauna su tattauna abin da suka ji. Da rana akwai darussa a kan karatu da zaɓen sana'a, tarbiyyar jiki, abota tsakanin maza da mata, shaye-shaye da amfani da waya, wani lokaci har da koyon sana'ar hannu. Da la'asar a yi wasanni, da dare kuma waƙoƙin yabo, wasan kwaikwayo, gasar haddar ayoyi da wa'azi.

A cikin wannan duka, zaman ƙaramar ƙungiyar nan shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne amsar maganar Baba take. Gaskiya ne 'yarku tana zuwa sujada, amma a majami'a tana zaune ne a bayan manya, tana sauraro, ba mai tambayarta abin da ta fahimta. Yarinya mai shekara 14 tana ɗauke da tambayoyin da kunya ba za ta bar ta ta yi wa mahaifiyarta ko fastonta ba: me ya sa Allah ya bar aka kashe mutane a ƙauyen su ƙawarta, yaya za ta yi da saurayin da ya matsa mata da saƙonni, ko satar amsa a jarrabawa zunubi ne idan har wasu manya ne suke taimakawa, yaya za ta zauna lafiya da ƙawarta da ba addininsu ɗaya ba. Idan ta sami wata yaya mai hankali, ɗalibar jami'a ko matashiyar malama, wadda za ta saurare ta ba tare da tsawa ba, ta buɗe mata Littafi Mai Tsarki su duba tare, wannan zai iya zauna mata har tsufa. Ga kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba: za ta haɗa ɗaki da Bajju da Tangale da Bura da Berom da Bahaushiya, ta wanke kwanonta da kanta, ta jira layin ruwa, a ba ta jagorancin addu'a ko waƙa a gaban tsaranta. Da yawa daga cikin dattawan ikilisiya da malaman da muke girmamawa a yau a irin wannan wuri suka fara buɗe baki a gaban jama'a.

Duk da haka, akwai gaskiya a cikin shakkar mahaifinta, kuma ban so mu rufe ta ba. Mako ɗaya na waƙa da ƙarancin barci da zama cikin taro yana motsa zuciyar matashi ƙwarai, har a daren ƙarshe ki ga yara da yawa sun fito gaba da hawaye suna alkawarin sabuwar rayuwa. Ba na raina wannan hawaye, domin Allah yana aiki a cikinsa. Sai dai Yesu da kansa, a misalin mai shuka da ke Markus sura 4, ya yi maganar irin da ya faɗa a kan dutse, ya tsiro da sauri, rana ta fito ya yanƙwane saboda ba shi da saiwa. Sansanin da ke auna nasararsa da yawan hannuwan da aka ɗaga, ba ya kuma tambayar inda yaran suke bayan wata uku, ya yi rabin aiki ne. Masu shiri na ƙwarai sukan rubuta sunan kowane yaro da ikilisiyarsa da makarantarsa, su miƙa shi ga wanda zai ci gaba da nazari da shi, su ba shi tsarin karatun kowace rana. Ki tambaye su kai tsaye abin da suke yi bayan an tashi. Yadda za su amsa zai nuna miki ko sun taɓa tunanin abin.

Yanzu ga maganar tsoronki, wanda tsoro ne na uwa mai hankali. Haɗari mafi muni a irin wannan wuri yakan fito ne daga mutumin da kowa ya amince da shi. A Ingila, wani babban lauya mai suna John Smyth, wanda ya shugabanci ƙungiyar da ke shirya sansanonin Iwerne na yaran makarantun kwana, ya riƙa yi wa samarin da ya sani ta wannan hanya mugun duka da sunan horon ruhaniya. Wasu shugabanni sun san da zancen tun 1982 amma suka rufe shi don kare sunan aikin, mutumin ya koma Zimbabuwe a 1984 ya sake buɗe sansanoni, ya ci gaba da cutar da yara. Rahoton binciken da ya fito a Nuwamba 2024 shi ya sa Babban Bishop na Canterbury, wato babban jagoran ikilisiyar Angilika, Justin Welby, ya yi murabus. Darasin da masu aikin matasa suka ɗauka shi ne ibadar mutum a idon jama'a ba ta maye gurbin doka. Saboda haka ki bincika ko an tantance masu kula da yaran ta wurin ikilisiyoyinsu, ko mata ne kaɗai ke kula da ɗakunan 'yan mata, ko an hana babba keɓewa da yaro a ɗaki a rufe ko da sunan shawara ko addu'a, ko kuma akwai mace dattijuwa da yarinya za ta iya kai wa ƙara. A ganina babba ɗaya bai kamata ya riƙe yara fiye da goma ba. Duk wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, kada ki ba shi 'yarki.

Sai wurin da kansa. Dogon hutunmu yana faɗawa ne a tsakiyar damina, lokacin sauro da zazzaɓin cizon sauro, da gurɓatar rijiyoyi da ke kawo amai da gudawa, da cikar rafuka. A ranar 4 ga Yuli 2025 ambaliyar kogin Guadalupe ta afka wa sansanin 'yan mata Kirista na Camp Mystic a jihar Texas ta Amurka cikin dare, yara da masu kula da su 27 suka rasu, a ƙasar da ke da kayan aikin ceto fiye da namu nesa ba kusa ba. Ki san daga ina ruwan sha yake fitowa, ko akwai gidan sauro, ko makewayi ya wadatar, ko akwai ma'aikaciyar jinya da ke kwana a wurin, da nisan asibiti mafi kusa. Idan 'yarki tana da sikila ko asma ko wani maganin da take sha kullum, ki rubuta a takarda ki damƙa a hannun jagorarta, kada ki bar wa yarinyar ita kaɗai.

Maganar tsaro kuma ba sai na tsawaita miki ba, ke da kike kudancin Kaduna. Sace ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun a Yulin 2021 ya isa ya koya wa kowa cewa tara yara a makarantar da ke bakin daji ba abin wasa ba ne. Wurin ya kasance cikin gari, da katanga da masu gadi, hukuma ta san da taron, tafiya da dawowa kuma su kasance da rana a motar da ba a cika ta fiye da kima ba. Ki karɓi lambar wayar mutum biyu daga cikin shugabannin. Wasu sansanonin suna karɓe wayoyin yara, kuma ina goyon bayan haka, muddin an tsayar da lokacin da iyaye za su ji muryar 'ya'yansu.

Akwai wani abu da iyaye suke mantawa da shi, wato abin da ake koyarwa. Ki nemi jigon taron da sunayen masu koyarwa, ki nuna wa fastonku. Ina gargaɗi ƙwarai game da wurin da ake tilasta wa yara dogon azumi, ko a hana su barci dare bayan dare, ko a tsorata su da cewa iyayensu ko kakanninsu ne suka ɗaure musu ci gaba, ko a nuna wata yarinya a ce mayya ce a gaban tsaranta. Irin wannan yana raunata yaro ya kuma raba gida. Haka nan koyarwar da ke cusa ƙiyayyar maƙwabci saboda addininsa ko ƙabilarsa ta saɓa wa bisharar da aka ce an taru dominta.

Game da kuɗi, ku nemi a fayyace muku abin da kuɗin rajista ya ƙunsa, abinci ne da masauki kaɗai ko har da mota da littattafai. Idan ya yi muku nauyi, ku gaya wa shugaban zumuntar ba tare da jin kunya ba, domin ikilisiyoyi da dama sukan ɗauki nauyin wasu yara, zumuntar mata ma takan taimaka da hatsi. Idan kuma amsoshin da kuka samu ba su kwantar muku da hankali ba, ku haƙura da na bana, ta halarci taron hutu na jeka-ka-dawo a ikilisiyarku, ba ta yi asarar komai ba. Ina ba da shawara Baba da kansa ya kira shugaban sansanin ya yi waɗannan tambayoyi, ko ma ya raka ta ranar buɗewa ya ga ɗakin kwanan da idonsa, tunda shi ne mai shakka.

Idan ta dawo, ki ba ta kwana ɗaya ta yi barci, sa'an nan ki zauna da ita ki tambaye ta abin da aka koya musu, wace ce jagorarta, da ko akwai abin da ya dame ta ko wanda ya sa ta jin kunya. Ki saurara har ta gama ba tare da katse ta ba. Ki karɓi lambar jagorar ki gode mata, ki kuma sanar da malamin zumuntar makarantarsu duk wani alkawari da yarinyar ta ɗauka, domin a ci gaba da nazari da ita idan aka koma makaranta a watan Satumba.