Wa ya hana wakenmu shiga Turai?

Tambaya: Ina sana'ar wake da riɗi a kasuwar Dawanau. Mun daɗe muna jin cewa Tarayyar Turai ta hana waken Najeriya shiga ƙasashenta. Shin wane ne a cikinta ya yanke wannan hukunci, majalisarsu ko shugabanninsu? Kuma in muna da kuka, wa za mu kai wa?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Wadda ta sa hannu a kan dakatar da busasshen wakenmu a shekarar 2015 ita ce Hukumar Tarayyar Turai, mai mazauni a Brussels ta ƙasar Beljiyam. Dalili shi ne maganin ƙwari da ake kira dichlorvos, wanda mu nan muka fi sani da fiya-fiya. Dokarsu ba ta yarda ragowarsa ta haura milligiram 0.01 a kilo ɗaya na wake ba, kuma an sha kama buhunanmu da abin da ya ninka haka sau da yawa.

Ita wannan Hukuma ita ce mai gudanar da aikin Tarayyar na yau da kullum. Tana da kwamishinoni 27, kowace ƙasa ɗaya, kuma Ursula von der Leyen ke shugabantarta tun 2019. Ita ke gabatar da daftarin doka, ita ke sa ido a ga an bi, ita kuma ke zaman cinikin yarjejeniyar kasuwanci da ƙasashen waje a madadin kowa. Shi ya sa ba za ka iya zagayawa ka daidaita da Holan ko Italiya ita kaɗai a kan wake ba. Kasuwarsu ɗaya ce, abin da aka rufe wa ƙofa a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam da ke Holan an rufe masa ko'ina.

Majalisar da ka ambata kuwa, uku ne suke rikita mutane. Akwai Majalisar Dokoki mai wakilai 720 da jama'a ke zaɓa duk shekara biyar, tana babban zamanta a Strasbourg ta Faransa. Akwai Majalisar Ministoci ta gwamnatocin ƙasashen. Waɗannan biyun su ke haɗuwa su zartar da babbar doka, kamar dokar tsaftar abinci ta 2002 da ta ba Hukumar ikon ɗaukar matakin gaggawa irin wanda ya shafe mu. Ta uku ta shugabannin ƙasashe ce, su manufa suke tsarawa, ba sa zama kan buhun wake.

Akwai kuma wasu da ba a cika jin sunansu ba, alhali a sana'arka sun fi kusa da kai. Hukumar EFSA mai kula da lafiyar abinci, da ke Parma a Italiya, masana ne zalla, su ke auna haɗarin magani su ba da shawara, amma ba su da ikon hana kaya. Masu buɗe kwantena su ɗebi samfur ma'aikatan ƙasar da jirgi ya sauka ne. In sun ga matsala sai su shigar da ita a tsarin gargaɗin gaggawa na RASFF, nan take sauran ƙasashe su gani. Yawan shigar sunan Najeriya a wannan tsari shi ya tara mana laifin.

To ina za a kai kuka? Kotun Tarayyar tana Luxembourg, amma ban ba ka shawarar ka sa rai a kanta ba, domin da wuya ta saurari ɗan kasuwa ɗaya kan matakin da ya shafi ƙasa baki ɗaya. Ita Hukumar ta Brussels, da gwamnati take magana, kuma abin da take son gani shi ne tsarin gwaji abin dogaro daga nan gida. Saboda haka ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ta matsa wa NAFDAC da hukumar killace kayan noma ta NAQS, ta kuma rubuta wa ofishin jakadancin Tarayyar da ke Abuja.

Abin da ya fi damuna, Alhaji, shi ne waken da Turai ta ƙi, shi 'ya'yanmu ke ci a ƙosai da alale. Buhu mai leda biyu a ciki, irin PICS, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da ɗigon magani ba. Ku fara da shi a rumbunanku na Dawanau tun kakar bana.