Kosfile ga Sabon Shiga: Ta Ina Ake Farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina kallon hotunan masu yin shigar jaruman anime (finafinan katun na Japan) da na wasannin bidiyo, abin da ake kira kosfile, kuma ina sha'awar gwadawa. Sai dai ban iya ɗinki ba, ga shi jarumar da nake so sulke take sawa, tana riƙe da doguwar takobi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rashin iya ɗinki bai dame ni ba, sulken nan ne nake jiye miki. Yawancin hotunan da ke burge mai kallo aikin waɗanda suka shekara da shekaru a harkar ne, irin masu zuwa babban taron duniya da ake yi a birnin Nagoya na Japan tun 2003, kuma wanda ya auna aikinsa na farko da nasu kan jingine shi tun bai kai rabi ba. Asalin abin bai kai haka wahala ba: a 1939 wata mata, Myrtle Douglas, ta haɗa wa kanta da abokinta Forrest Ackerman kaya, suka je taron masu son labaran ƙagen kimiyya a New York. Sunan kosfile kansa sai a farkon shekarun 1980 aka raɗa shi a Japan.

Shawarata ita ce ki ajiye mai sulke zuwa karo na biyu, ki zaɓi jarumar da kayanta suka yi kama da na yau da kullum. Ki nemi hotunanta ta gaba da ta baya da ta gefe, ki rubuta kowane yanki daban, sannan ki duba abin da kike da shi a ɗaki, da wanda za ki samu a gwanjo, da wanda sai tela. Saye ko ba da ɗinki ba abin kunya ba ne, sai dai a gasar da ake duba aikin hannu, inda dole mutum ya faɗi abin da ya yi da kansa.

Daga nesa launi da siffar kai ake fara ganewa, saboda haka nan ya kamata kuɗi ya tafi. Ki sayi hular gashi mai jure zafi, domin ta roba gama-gari narkewa take yi idan ƙarfen gyaran gashi ya taɓa ta. Masu sa hijabi a Malesiya da Indonesiya kuwa da mayafin suke fitar da launi da fasalin gashin jarumar, kuma yana yin kyau ƙwarai.

Idan hannunki na ƙaiƙayi, ki gwada ƙaramin abu ɗaya, kamar kariyar damtse, da robar EVA, irin wadda ake shimfiɗawa a ɗakin motsa jiki. Mai kaurin milimita 5 ta isa, mai milimita 2 kuma ta ado ce. Ki fara yanka siffar a takarda ki gwada a hannunki, sannan ki yanka robar da sabuwar reza, don dusasshiya yayyaga baki take yi. Iska mai zafi ke lanƙwasa ta. Wajen haɗawa, gam irin na masu gyaran takalma ya fi: a shafa wa gefe biyu, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a manne, kuma a yi hakan inda iska ke shiga. Ni da gam na kyandir na haɗa aikina na farko, rana na dukansa kafaɗar ta ɓalle ina tsaye ana ɗaukar hoto.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Kada ki manna ruwan tabarau mai launi a ƙwayar ido ba tare da likitan ido ya auna ki ba, kuma kada ki sauya launin fatarki don kamanta wata ƙabila. Takobi ma, wuraren taro da yawa ba sa yarda da na ƙarfe, don haka ki karanta dokarsu tukuna.

Kafin ranar fita, ki sa kayan gaba ɗaya a gida na awa biyu, ki zauna, ki sunkuya, ki hau matakala. Abin da ya ɓalle ki gyara shi, sannan ki jefa allura da zare da fil a jaka.